Nauyin Baba Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwarmu ta bayan tasha, nan Ƙaura Namoda, ya san ba zakara ke tashinmu ba. Ana idar da sallar asuba, tun masu koko ba su hura wuta ba, sai ka ji "Hap!" sannan ka ji "gim!" har kwanuka su amsa a cikin ɗaki. Baba ne ya ɗaga ƙarfensa ya dire. Ƙarfen ma ba na kanti ba ne. Wata sanda ce ta tsohuwar mota da ya tsinto a juji, ya cika bokiti biyu da siminti ya dasa mata a kowane gefe. Haka zai yi ta fama a tsakar gida, daga shi sai singileti da wando iya gwiwa, yana gurnani, har rana ta fito ta same shi.

Ni kuwa matar ɗansa ce. Na san ku da kuka san shi har kun fara dariya, amma don Allah ku dubi halin da na shiga. Da za a kawo ni daga Zurmi, gwaggonnina sun zaunar da ni sun yi mini huɗuba: suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a kama sunansa. Babu wadda ta gaya mini yadda ake yi da surukin da ke tsaye a tsakar gida ba riga. Safiyata ta farko na fito da buta, na yi arba da shi, na koma ɗaki da baya har na take jelar mage. Ranar sai da hantsi ya dubi ludayi na samu na zagaya.

Shi ma yana jin nauyina, kada ku ce ba ya ji. Bai taɓa kiran sunana ba, Ta Zurmi yake ce mini. Kuma ba ya yi mini magana kai tsaye. Akwai bishiyar darbejiya a tsakar gidan, wadda mu nan muke ce wa dogon yaro, ita ya mayar ɗan aike. Ina tsaye a gefensa zai juya mini ƙeya ya fuskanci bishiya: "Kai dogon yaro, gaya ma Ta Zurmi miyar jiya ta yi, amma a ƙara wake." Ni ma in dubi bishiya in ce, "To, a ce ma Baba an ji." Wata baƙuwa ta kwana biyu a gidan tana waige-waige, da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce ita fa har yanzu ba ta ga yaron nan dogo da ake ta aike ba.

Babbar jarrabawar ita ce sunan. Sunansa na yanka Muhammadu, amma tun yana leburan dakon kaya a tashar jirgin ƙasa aka laƙaba masa Ƙarfe, sunan ya bi shi har ya cinye na yankan. Kada wata ta ce na yi rashin kunya da na ambata: hannu ne ya rubuta, bakina a rufe yake. To ku gaya mini, yaya mace za ta rayu ba ta furta wannan kalma ba? Da me za ta tambayi lokaci? Da farko nakan ce, "Sunan Baba nawa yanzu?" A hankali ta gajarce ta koma "Baba nawa?" Mutanen gida sun saba, har yarana suka tashi da ita. Wata rana a tashar mota na manta ba a gida nake ba, na leƙa na ce wa direba, "Malam, Baba nawa motar ga ka tashi?" Bawan Allah ya juya ya ƙirga tsofaffin da ke ciki da yatsa, ya ce, "Ukku na, Hajiya, amma akwai wurin guda." Na ja hijabi na bar masa tashar, sai wata motar na hau.

Baba ba ya gaisuwa da hannu kawai. In kai namiji ne ka shigo gidanmu, ko jika ne kai ko baƙo, sai ya rungumo ka ta ƙugu ya ɗaga sama, ya ɗan jijjiga, ya faɗi kilonka. Kuma ba ya kuskure sosai. Ranar da wani malamin makaranta ya zo gaisuwar neman auren ƙanwar maigidana, ya sha shadda yana ƙamshi, yana durƙusawa Baba ya sure shi. Takalminsa ɗaya ya faɗi.

"Kai, ɗan nan, iska na cikin rigag ga? Mi kaka ci?"

"Shayi da burodi, Baba," in ji malam, ƙafafunsa na lilo.

"Na ba ka ita. Amma ka riƙa cin wake, kada ta riƙa ɗaukar ka."

Shi kuwa babu wanda ya isa ya ɗaga shi, ko da wasa. Maganarsa ɗaya ce, kun sha jin ta: "Ba mai ɗauka ta sai masu makara." Na daɗe ina ɗaukar ta a kurin tsohon lebura, sai wata rana muna tsince wake Inna, matarsa, ta ba ni labarin. Mahaifin Baba ya yi shekaru a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Baba yana saurayi, shi ke ɗaukar sa ya kai shi makewayi ya dawo da shi. Inna ta ce duk ɗauka sai tsohon ya juya fuska ya yi kuka, ba don ciwo ba, don kunyar ɗansa. Ranar da aka binne shi Baba ya yi alkawari shi ba zai sa kowa wannan aiki ba, ba kuma zai yi wannan kuka ba. Tun daga nan in na ji "gim!" da asuba nakan ji wani abu ya taɓa ni, duk da haka ban daina jin kunya ba.

Ga tsumulmula kuma! Da kafaɗunsa suka buɗe, ƙugu ya tsuke, rigunansa suka fara yagewa ta hammata, wanduna kuma suna zamewa. Maigidana, Sani, ya yanko masa sabon yadi. Baba ya ninke ya sa a ƙarƙashin katifa. Ya kwashi tsofaffin ya kai wa tela, ya ce a rage ƙugun wando a liƙa a kafaɗar riga.

Tela ya ce, "Baba, rigar shuɗiya ta, wandon kuma ruwan ƙasa."

"Ina ruwan kala? Abin da ciki yas saki, kahwaɗa ta amsa. Ba a yi asara ba."

Haka ya riƙa zuwa masallacin Juma'a da faci biyu a kafaɗa kamar mai muƙamin soja, yara na sara masa yana amsawa.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ya yi mini a Shinkafi. Wata shekara, lokacin hanya tana da lafiya, muka cika mota za mu sunan jaririn ƙanwata, aka yi sa'a ko rashin sa'a ranar kasuwa ce. Mahaifina, Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne, gajere mai tumbi, irin wanda babbar riga ke yi wa kyau. Muka tsaya a rumfarsa don maza su gaisa, mu mata muna cikin mota. Alhaji ya dubi Baba sama da ƙasa ya ce, "Malam Mamman, ka rame hwa. Ko ɗiyata ba ta ba ka tuwo?"

Nan na san an taɓo inda ba a taɓawa.

"Rama?" in ji Baba. "Alhaji, na hi ka nauyi."

Rumfa ta fashe da dariya. Ga sikelin awon buhu nan a gefe. Kafin a ce wani abu, 'yan dako sun sauke buhu sun share wuri, masu wucewa sun tsaya, har Fulani masu shanu sun jingina da sandunansu. Alhaji ya hau yana shafa ciki, aka duba. Baba ya hau, aka duba. Baba ya rinjaye shi, ba da yawa ba, amma ya rinjaya.

"Ƙarya ta!" Alhaji ya daka tsawa. "Akwai duwatsu ga aljihunai!"

Baba bai yi musu ba. Ya cire hula ya miƙa wa wani. Ya cire rigar mai faci. Ya cire singileti. Ga ƙirji nan a waje, tsakiyar kasuwar Shinkafi, yana murɗa damtse yana cewa, "Mudun auduga da mudun tsakuwa, girma guda na, nauyi ba guda ba. Kitse auduga na, Alhaji!" Sannan ya kai hannu kan tazugen wando.

"Na yarda!" Alhaji ya yi kansa da gudu. "Wallahi na yarda! Ka hi ni, ka hi ubana, bar tazugen ga!"

Wata mata a kusa da ni ta zungure ni ta ce, "Ke, wancan ba surukinki ba na? Mai ihun kuma ba ubanki ba?" Na rufe fuska na ce barci nake yi. Har aka yanka ragon suna aka watse ban iya ɗaga ido na dubi kowa ba.

Ban san nawa na tafe ba. Bayan haihuwata ta uku jiki ya buɗe mini, gwiwoyi suka fara ciwo, in na zauna a tabarma sai na dafa bango nake tashi. Likita ta ce suga da hawan jini suna bakin ƙofa, in rage teɓa, in riƙa motsa jiki. Na gaya wa Sani a ɗaki, Sani ya gaya wa Inna, Inna kuwa ba ta iya riƙe magana. Bayan kwana kaɗan na buɗe ƙofa na tarar da gwangwanin madara biyu cike da siminti, an yi musu mariƙi da guntun rodi. Baba na tsaye gaban bishiya.

"Kai dogon yaro, gaya ma Ta Zurmi ga saƙo nan. Sahe da marece. In za ta ɗauka ta durƙusa da gwiwa, kat ta lanƙwasa baya."

Innalillahi! Ni, uwar 'ya'ya uku? Na aika ta bakin Inna cewa na gode, amma ina tsoron damatsana su murɗe in koma kamar namiji. Sai na ji dariya daga gindin bishiya.

"Dogon yaro, ka ji wata magana! Ni tun ina saurayi nika bin ƙwanji da gudu, da ƙyar nis samu wanga. Ita gwangwani biyu za su maishe ta ɗan dambe? Ta kwantar da hankali, jikin mace ba hakanan shika yi ba."

Suruki ya ba da umarni, ina zan kai? Na riƙa kulle ɗaki ina yi a ɓoye kamar mai satar nama a tukunya. Bayan 'yan watanni na koma asibiti cike da sa rai, na hau sikeli. Bai sauka ba. Ƙaruwa ma ya ɗan yi! Na dawo gida da kuka, na kwashi gwangwanayen na watsa bayan ɗakin girki. Washegari na tarar da su a ƙofa an wanke su, ga wasu biyu da suka fi su girma a gefe.

"Dogon yaro, ce mata sikeli ba ya da wayo, bai san kitse da tsoka ba. Kat ta tambayi sikeli, ta tambayi zane."

Na koma ciki na ɗaura tsohon zanena wanda da ƙyar bakinsa ke haɗuwa. Ya zagaye ni har da rara. Na zauna a tabarma na miƙe, sai da na tsaya na tuna ban dafa bango ba. Da na koma awo, likita ta duba jinina ta ce ko me nake yi in ci gaba. Ban gaya mata ko mene ne ba.

Asiri ya tonu ne ranar da na manta ban sa sakata ba. Maƙwabciyarmu Hajiya Ige ta yi sallama da shigowa lokaci ɗaya, yadda ta saba. Ta same ni na ɗaga gwangwani sama da kai, kuma wallahi ban san lokacin da "Hap!" ta fito daga bakina ba. Kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa. A gidan biki mata suka riƙa matsa damtsena suna shewa, suka laƙaba mini Ƙarfe Ƙarama. Ku duba wannan zalunci: an ba ni sunan da ni kaina ba ni da ikon faɗa. Na daina zuwa biki na wani lokaci, amma ban daina ɗagawa ba. A hankali daga gwangwanin madara na koma bokitin fenti.

Shekaru suka tafi. Inna ta riga mu gidan gaskiya. Baba ya ci gaba da tashin unguwa har ciwon ciki ya kwantar da shi. Nan na ga abin da ban taɓa zato ba: jikin da aka gina tun samartaka ya zube a 'yan watanni. Rigunan masu faci suka koma suna yawo a jikinsa. Ya dubi damtsensa ya ce wa bishiya, "Tsoka ba ta da amana, dogon yaro. Kana barin ta tana barin ka." Amma alkawari na nan. Ya sa aka ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa bishiya, daga bishiya zuwa makewayi, ita yake bi yana jan ƙafa. Sani ya taɓa kai hannu zai tallafe shi, ya sha sanda a gwiwar hannu.

Wata Juma'a maza duk sun tafi masallaci da yaran, gida ya rage daga ni sai shi. Ina ɗakin girki na ji "gim," amma ba irin wadda na saba ji ba. Na fito. Ashe ya saki igiya ya je wurin ƙarfensa, wai ko zai iya motsa shi. Ga shi nan kwance a rana, ƙasa ta ɗau zafi, leɓensa ya fashe.

"Dogon yaro," ya ce, murya can ƙasa, "ce ma Ta Zurmi ta koma ɗaki. Hutawa nika yi."

Na koma. Wallahi na koma, don ban taɓa saɓa masa ba. Na tsaya bayan labule ina leƙe. Ya yunƙura ya koma. Ya sake yunƙurawa, hannun ya zame. Daga lasifikar masallaci ina jin liman ko rabin huɗuba bai kai ba. In na bar shi, rana za ta gasa shi kafin maza su dawo. In na taɓa shi, na karya masa abin da ya yi rayuwarsa duka yana tsarewa, kuma ni, suruka, wadda ko inuwarsa ba ta takawa. Na fito.

"Dogon yaro, a ce ma Baba shi ruhe ido. Ni ma zan ruhe nau."

"In kin ruhe ido ina za ki ga hanya? Kayar da ni za ki yi!"

Wannan ita ce magana ta farko da ya taɓa yi mini ba ta bakin bishiya ba. Shi bai ma lura ba.

Na durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, yadda aka koya mini. Na sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, na miƙe. Har "Hap!" ɗin sai da ta kuɓuce mini. Mutumin da ya rinjayi Alhajinmu a sikeli, yau da ƙyar zai kai rabin buhun gero. Hawaye suka rufe mini ido, na kai shi ɗaki da lalube, na kwantar a gado.

Ya juya fuska bango. Na tsaya a bakin ƙofa na rasa inda zan sa kaina, ina tuna labarin Inna, ina cewa shi ke nan, na sa shi kukan da ya guda. Can sai na ji ya ce, "Kilo nawa?"

Na ce, "Baba, ban taɓa ɗaukar abin da yak kai ka nauyi ba."

Gaskiya na faɗa, ko da yake ba hannuna ne ya ji nauyin ba. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Har yau ban sani ba ko dariya ce ko ɗayan, ina jin duka biyun ne.

"Bakin 'yan Zurmi," ya ce. "Da gwiwa kiɗ ɗauka ko da baya?"

"Da gwiwa, Baba."

"To alhamdu lillahi. Ba a yi asarar siminti ba."

Na juya zan fita ya ce, "Tsaya. Muddin ina numhwashi, ni nit tashi da kaina, kin ji ko? In an kai ni, ki hwaɗi. Ki hwara da Ige."

Bai daɗe ba bayan nan. Ranar jana'iza ina cikin mata ina jin maza a zaure suna cewa tsoho ya cika alkawari, babu wanda ya ɗauke shi sai masu makara. Sani na faɗa yana share ido, da alfahari. Na sunkuyar da kai, don ranar ba ranar maganata ba ce.

To yau na faɗa, kuma ina rubutawa fuskata na zafi. Baban yara, ka yi haƙuri da ka ji a nan, umarni aka ba ni. Hajiya Ige, ke ma kin ji, gwangwanayen na nan in kina so. Ni dai a wurina Baba bai karya alkawarinsa ba. Hannun da ya ɗauke shi, shi ya gina shi da simintinsa, ni aro kawai na ba da.

Ƙarfen yana nan gindin dogon yaro, ba wanda ya iya gusar da shi. Da asuba unguwa shiru, har makara muke yi. Ya Allah, bawanka ya yi rayuwarsa yana gudun ya zame wa wani kaya. Ka jiƙan sa, Ka haɗa shi da Inna da mahaifinsa cikin rahama, Ka sauke masa duk abin da ya ɗauko. Ranar da za a kafa mizani, ya Ubangiji, Ka sa nasa ya yi nauyi. Amin.